Firam da keken ɗinkin bargo: abin da aikin kayan ɗakin amare ya koya mini

Duk mai ɗinkin kayan ɗaki a gida ta san cewa zanin gado da rigar filo ba su da wata wahala. Inda ake jigata shi ne bargon nan mai kauri da ake shimfiɗawa a saman gadon amarya. Shimfiɗa uku ne: yadin sama mai ado, faiba ko auduga a tsakiya, sai yadin ƙasa. Dole ukun su zauna daram ba tare da ɗaya ya zame ba, har allura ta gama bi ta kansu. Yadda yawancinmu muka koya a nan Kano, a tsakar ɗaki ake bajewa, a durƙusa a kakkafa allurai, a ja layi da alli, sannan a nannaɗe a dinga cusawa a ƙarƙashin keke. Kafaɗa da ƙugu ne ke biyan kuɗin.

Firam, wato tebur mai sanduna da ake ɗaure bargo a kai a ɗinka, yana juya aikin ne gaba ɗaya. Ana naɗe yadin ƙasa a sanda ɗaya, na sama a wata, a ja su su miƙe, faiba tana tsakani. Keken kuma a ɗora shi a kan wani ɗan dandamali mai tayoyi da ke gudu a kan dogo, hagu da dama, gaba da baya. Bargo yana nan a tsaye, keke ne ke yawo. Wurin da aka gama ɗinkewa sai a naɗe shi a sanda ta uku, ita kuwa wannan sandar ta cikin keken take ratsawa, tsakanin allura da ginshiƙinsa na dama.

Wannan filin na tsakanin allura da ginshiƙi shi ne abu na farko da nake aunawa a kowane keke, kafin in duba suna, kafin in tambayi kuɗi. Baƙin keken Butterfly da muka gada a ɗakunan iyayenmu bai wuce inci 7 ba. A farkon bargo za ki ga kamar ya isa. Amma duk layin da kika gama, naɗin da ke cikin keken yana ƙara ƙiba, yana cinye filin. Kafin ki kai ƙarshen bargon gado shida da shida, abin da ya rage miki na zagayawa da allura bai fi faɗin yatsu uku ko huɗu ba, musamman da yake faibar da masu saye ke so mai tudu ce, mai kumbura. Furen da kika zana babba a saman bargo ba zai shiga a ƙasansa ba, kuma uwar amarya za ta gani tun daga bakin ƙofa. Kekuna irin Juki TL-2010Q suna da kusan inci 9, suna kai ɗinki 1,500 a minti, shi ya sa masu wannan aiki a gida a Amurka suke yawan haɗa su da firam. Inci biyu ne kawai bambancin, amma a ƙarshen bargo inci biyun nan kusan ninki ne na abin da ya saura. Akwai masu dogon hannu, daga inci 15 zuwa sama, irin na Gammill da Handi Quilter, sai dai kuɗinsu dubban daloli ne, kuma ba ni da sha'awar keken da in ya tsaya sai an jira kayan gyara daga ƙetare.

Nan ne wata matsalar ta taso, wadda ba ta zo wa kowa a rai sai an zo ɗorawa. Keken ƙafa ba ya hawa firam, domin bel ɗinsa a jikin tebur yake, sai an cire kan an sa masa ƙaramar mota. Babban keken masana'anta da telolinmu ke ji da shi, irin Juki DDL-8700 mai ɗinki 5,500 a minti, shi ma ba a yi shi don yawo ba: kan yana da nauyi ƙwarai, motarsa a ƙarƙashin tebur take, kuma a kan kaskon mai yake zaune, daga nan yake shan mansa. Na taɓa kai wannan maganar wurin wani dattijo mai gyaran keke a Sabon Gari, ya saurare ni har na gama, ya ce, "Hajiya, wannan keken a zaune yake aiki. Ki bar shi a teburinsa, ki nemo mai sauƙin nauyi ki ɗora." Haka na yi, kuma har yau babban yana teburinsa yana haɗa yadi da kafa baki, ƙaramin yana kan firam.

Sai haƙoran da ke jan yadi. A kan firam ba a buƙatarsu, dole su sauka ko a rufe su, a sa ƙafar nan mai tsalle wadda ba ta danne yadi. Daga nan tsawon ɗinki ya koma hannunki: in kin ja keke da sauri ɗinki ya yi tsawo, in kin tsaya jinkiri ya dunƙule wuri guda. Masu aikin wuyan riga da keken zigzag sun san wannan, don su ma da hannu suke juya yadi a cikin zobe. Akwai na'urar da ke daidaita gudun mota da motsin hannu, tana da amfani, amma hannun da ya saba yana iya yi ba ita.

Shi kansa firam ɗin, ɗaki ne ke zaɓarsa. Bargon gado shida da shida yana kai ƙafa bakwai da rabi a faɗi idan ana so ya zubo ta gefe, kuma keke yana buƙatar wurin tsayawa a kowane ƙarshe. Ke nan ƙasa da ƙafa 10 ba zai yi ba. A ɗaki mai ƙafa 12, bango guda ya tafi, kuma sai kin bar hanyar zagayawa baya don naɗi. Wadda ba ta da wannan filin, akwai ƙananan firam na ƙafa 4 zuwa 5 da ake ɗinke bargo kashi-kashi, a kwance a matsar a sake ɗaurewa. Yana cin lokaci, amma yana shiga lungun ɗaki.

Nawa firam ɗin mai walda ne ya haɗa, kafinta ya yi masa tebur, kuma ban raina shi ba. Abu biyu na tsaya a kansu. Sanduna su zama bututun ƙarfe mai kauri, don siriri yana lanƙwasawa a tsakiya, yadi ya yi sako-sako daidai inda ido ya fi zuwa. Dogon kuma ya miƙe sumul, babu tudun walda ko ɗaya, domin duk inda taya ta yi tuntuɓe sai ya fito a ɗinki. Simintin ɗakunanmu ba kasafai yake daidai ba, saboda haka a sa wa ƙafafun noti da za a iya ɗagawa da saukewa. In kin saki keke ya gangara da kansa gefe guda, ba a gama saiti ba.

Wadda za a aiko wa keke daga Amurka ta duba takardar da ke jikin motarsa. Wutarsu bolt 120 ce, tamu 230, in ba a sa na'urar rage ƙarfin wuta ba nan take zai ƙone. Allura ma a tambaya: ta keken gida bayanta a shafe yake, ta masana'anta zagayayya ce, ba sa shiga wurin juna. Lamba 14 ko 16 nake sa wa bargo. A lokacin hunturu kuwa, ƙura da gashin faiba suna haɗuwa su cushe a gidan ƙoshiya, don haka duk sanda na canza kwarkwaro sai na share, da daddare kuma in lulluɓe keke da dogon duka.

Duk da haka, ba kowa nake ba shawarar sayen firam ba. Yaran da ke koyo a wurina sukan ce, "Anti, mu ma shi za mu fara nema." Sai in tambaye su wane irin bargo ake kawo musu. Idan layi ne miƙaƙƙe da murabba'i, kamar yawancin abin da ake sayarwa a kasuwa, babban tebur a hagun keken masana'anta ya wadatar, kuma ya fi sauri. Kuɗin gara a kai su Kantin Kwari a sayo yadi mai kyau. Firam yana fitar da kuɗinsa ne idan masu saye sun fara neman fure da ganye da zane mai lanƙwasa, ko kuma odar ta yi yawan da durƙuson tsakar ɗaki ya fara taɓa lafiyarki. In lokacin ya zo, ki tafi Sabon Gari da tef a jaka da guntun bargo mai shimfiɗa uku, da irin faibar da kike amfani da ita, ki ce a kunna keken ki ɗinka da hannunki a shagon kafin a yi ciniki.