Asabar a kan dutse, da malmala ta uku

Na hau sikeli bayan sallar asuba, ko ruwa ban kai baki ba: 101.4. A watan Mayu da na sayi keken nan ina kilo 104. Yau ga shi Oktoba ta raba tsakiya, allon keke ya nuna na taka kilomita sama da 1,300, amma ko kilo uku cikakku ban zubar ba. Na sauka na sake hawa, wai ko sikelin ne bai zauna daidai a kan tayil ba. Sai ya ƙara mini gram 200. Uwargida tana jin motsina daga ɗaki ta ce, "Baban yara, ka ƙyale shi haka, kada ya mayar da kai inda ka fito."

Dalilin sayen keken dai ba gayu ba ne. Likita ce ta ce sukarin jinina yana bakin iyaka, gudu kuma gwiwar dama ba ta yarda ba. Keken dutse na zalla na gwada shi sau biyu, na dawo ina turawa kamar mai kura. Shi ya sa na rufe ido na sayi mai batir, kuɗin da har yau ban faɗa wa mutanen gida adadinsa ba.

Ƙarfe tara na fita. Hazo ya rufe garinmu Freiburg na ƙasar Jamus ruf, sanyi yana cizon yatsu ta cikin safar hannu. Na bi ta Günterstal, inda jirgin titi mai lamba 2 yake ƙarewa, na nufi Horben, na wuce tashar motar igiya da ke ɗaukar mutane zuwa saman dutsen Schauinsland tun 1930. Daga nan sai hanyoyin tsakuwa na cikin daji. A jihar nan ta Baden-Württemberg doka ta hana keke bin hanyar dajin da faɗinta bai kai mita 2 ba, sai wadda aka ware musamman, ni kuwa baƙo ba ya gardama da dokar gari. Ƙololuwar dutsen mita 1,284 ne, garin kuma yana ƙasa da mita 300, wato hawan kusan mita dubu ke gabana.

Alkawarin da na yi wa kaina tun jiya shi ne ba zan fita daga Eco ba. Injin Bosch ɗin da ke jikin keken matakai huɗu gare shi. A Eco, in na ba da ƙarfi ɗari, shi ya ƙara sittin. A Tour ya ƙara 140. A Turbo kuwa har 340, wato sama da kashi uku cikin huɗu na aikin nasa ne, ni ina juya ƙafa ne kawai don kada ya yi fushi. Bambancin da ke tsakaninsu duka bai wuce danna maɓalli da babban yatsan hagu ba, kuma wannan yatsa ba ya shawara da kowa.

Minti arba'in na farko na riƙe amana. Agogon hannu yana nuna bugun zuciya 138, 142, gumi ya jiƙa bayan riga, numfashi yana fita kamar hayaƙin murhu. Keken nauyi gare shi, kilo 24, don haka a Eco kusan nauyin kansa yake biya, sauran ya bar ni da kayana. Sai ga wani hawa mai tsaye bayan wata kwana, itatuwan da aka sare an jibge a gefe suna ƙanshin ƙaro. Ban san lokacin da allon ya koma ja ba, wato na shiga Turbo. Na ji keken ya zabura, bugun zuciya ya sauko 118, duniya ta yi daɗi. A nan ne na cim ma wani tsoho, gashi fari fat, a kan keken da ba batir ba komai, yana hawa a hankali kamar mai jan carbi. Ya ji kukan injina, ya matsa gefe, ya gaishe ni da fara'a. Da harara ya yi mini da ta fi sauƙi. Na wuce shi na sha kwana, na mayar da Eco, kamar yaron da ya goge baki bayan ya sha madarar jariri.

Yaya ya sha yi mini tsiya a waya. Kullum maganarsa, "Kai ƙane, wannan ai babur ne, ka sayi Jincheng ka ce motsa jiki kake." Ba babur ba ne. Ba shi da totur. In ka daina taka feda shi ma ya daina. Dokar Turai ta ƙayyade injin a wat 250, kuma da ka kai kilomita 25 a awa sai ya zare hannunsa. Har na taɓa tura masa labarin binciken da aka yi a jami'ar Brigham Young ta Amurka a 2019, inda aka sa mutane suka zagaya hanya ɗaya da keken dutse na zalla da mai batir, aka tarar bugun zuciyarsu a kan mai batir ya kai kusan kashi 94 cikin ɗari na ɗayan, alhali su suna jin bai wahalar da su ba. Ya amsa da cewa to ina tumbin ya tafi. Ban mayar da amsa ba.

A gaskiya jikin ya canza. Benen gidanmu hawa uku ne, da sai na tsaya a na biyu ina yi kamar ina duba waya. Yanzu da ledar cefane nake hayewa. Minti 150 na motsa jiki a mako da Hukumar Lafiya ta Duniya take faɗa, a Asabar ɗaya nake cika su. Barci ma ya gyaru. Ciki ne kawai ya yi kunnen uwar shegu.

Wajen mita 800 na huda hazon na fito cikin rana. Wannan shi ne abin da ba na iya kwatanta wa kowa. Ƙasa duka fari kamar an shimfiɗa auduga, garin ya ɓace, duwatsun Faransa suna leƙowa ta yamma, dutsen Feldberg yana tsaye a ɗaya gefen. Na zauna a kan benci na ci dabino uku da na ƙunso, na sha ruwa, na ce alhamdulillahi, yau kam an ci nasara.

Da na tashi daga nan na juya gida da shi ke nan. Amma akwai gidan shan shayi a kusa, kuma iska ta kawo ƙanshi. Kek ɗin da yankin nan ya yi suna da shi akwai giyar ceri a cikinsa, don haka na kauce masa ina jin kaina wani na Allah, na ce a ba ni na cuku. Yanka guda, faɗin tafin hannu, da babban kofin ruwan tufa. Na gudu daga haram na faɗa rijiyar kitse. A raina ina cewa ai na biya kuɗinsa da gumi.

Gangarowa ba aiki, sai riƙe birki da karkarwar sanyi. Ƙarfe ɗaya da rabi ina gida, batir saura kashi 41, agogo ya ce na ƙona kalori 1,050.

Yunwar da ke biyo bayan hawan dutse ba irin ta kullum ba ce. Ba ta zuwa nan take, sai ka yi wanka ka yi azahar ka zauna, sannan ta shigo ba sallama. Tuwon semo aka yi da miyar kuka, ga man shanun da aka aiko mana daga gida a kwalba. Malmala biyu na ci, na zuba man cokali biyu, na ɗan jira, na miƙa hannu ga ta uku. Daga nan barci har la'asar ta kusa fita.

Bayan isha na ɗauki biro. Cokalin mai ɗaya kalori 120 ne ko kusa. Kek da ruwan tufa, ko na yi wa kaina rangwame, sun haura 600. Malmala ta uku da miyarta na sa 300. Kafin in gama lissafi, dutsen ya ƙare tas, har da ɗan bashi. Kilo ɗaya na kitse kuwa ana ƙiyasta shi da kalori wajen 7,700, wato hawa bakwai irin na yau ba tare da lada a faranti ba.

Na nuna wa uwargida takardar ina jiran ta yi mamaki. Ko kallo ba ta yi ba, tana ninke kayan yara. Ta ce, "Ni ai tun watan Yuli na gani. Ranar da ba ka fita ba biyu kake ci. Ranar keke uku, kuma har dare ba ka ƙara ɗaga ko tsinke. Na ƙara gwangwanin semo ɗaya duk Asabar saboda kai." Na ce me ya hana ta faɗa mini. Ta ce mutumin da ya dawo yana ba da labarin auduga a kan gari ba a tare shi da lissafin tuwo.

Shawararta ita ce in daina fita da cikin wofi, in ci ƙwai biyu da safe, in tafi da ayaba maimakon kuɗi, kuma ita za ta riƙa zuba mini a faranti, kula ta zauna a kicin. Na ce sai na yi tunani. Ta ce in yi.

Na sauka ƙasa na jona batir, na goge laka daga sarƙa, na shafa mata mai. Da na hawo na leƙa kicin shan ruwa, na ga saura malmala ɗaya a kula, an rufe ta don ɗumamen safe. Ban tambaya ko ta wane ne ba.