Sulallan dala da makin katin bashi

Na daɗe ina tunani a kan wata dabara da wasu Amurkawa suka yi da katin bashi, wato katin da banki ke biya wa mutum kuɗin sayayya, shi kuma ya biya bankin daga baya. Da yawa daga cikin irin waɗannan katunan suna bayar da maki a kan kowace dala da aka kashe, makin da ake iya musanyawa da tikitin jirgin sama.

A shekarar 2008, hukumar buga sulalla ta Amurka ta fara sayar wa jama'a sulallan dala ɗaya a kan ainihin darajarsu, tana kai su har ƙofar gida kyauta, domin tana son su shiga hannun mutane a kasuwa. Nan da nan masu ido a buɗe suka gano kafar. Mutum zai sayi sulallan da katinsa, akwati ya iso ɗauke da guda 250 a naɗe cikin takarda, nauyinsa kusan kilo biyu, sai ya kai shi banki ko buɗewa bai yi ba, ya zuba a asusunsa, ya biya bashin katin kafin ruwa ya hau. Ko sisi bai yi asara ba, ga maki ya tara.

Ba su karya doka ba, amma abin yana damuna ƙwarai, saboda hukumar ce ke biyan kuɗin dako da ladan kamfanonin kati, sulallan kuma suna komawa rumbun banki ba tare da sun taɓa hannun ɗan kasuwa ba. A watan Yulin 2011 hukumar ta daina karɓar katin bashi a wannan shiri.