Kafin ka ƙirga miliyoyin da ƙungiyarka ta kashe

Ƙannena masu goyon bayan ƙungiyoyin da suka samu hawa Firimiyar Ingila, na san halin da kuke shiga da zarar an buɗe kasuwar 'yan wasa. Murnar hawa ba ta daɗewa, sai fargaba ta maye gurbinta. Wannan yana kukan masu ƙungiya sun ƙi sakin kuɗi, wancan yana kukan sun saki da yawa, kowa kuma idonsa na kan gurabe ukun nan na ƙasan teburi. Fargabar tana da dalili. A kakar 2023/24 Luton da Burnley da Sheffield United duk sun koma inda suka fito. A kakar da ta biyo baya Leicester da Ipswich da Southampton suka bi sahu, ita Southampton ma da maki 12 kacal. Abin da nake so ku gyara shi ne ma'aunin da kuke auna fargabar da shi. Na daɗe ina auna ta da jimlar kuɗin da aka kashe, wannan lissafin kuma ya ɓatar da ni.

Fulham nake goyon baya. A watan Mayun 2018 Ryan Sessegnon ya zura wa Tom Cairney ƙwallo a Wembley, ya jefa ta a ragar Aston Villa, muka hau. Cikin 'yan makonni ƙungiyar ta kashe sama da fam miliyan 100, ta kawo 'yan wasa 12, biyar daga cikinsu a ranar da za a rufe kasuwa. Jean Michael Seri ya zo daga Nice, Zambo Anguissa daga Marseille, Andre Schurrle mai lambar kofin duniya ya zo aro. Duk sanarwar da ta fito sai na ƙara bugun ƙirji. Na riƙa gaya wa mutane cewa maganar faɗuwa ba tamu ba ce, tsakiyar teburi muke hari. Ban taɓa tsayawa na tambayi kaina ba: waɗannan mutanen yaushe suka yi atisaye tare? Wa zai zauna a benci domin su? Cairney da Kevin McDonald da Stefan Johansen su ne tsakiyar da ta hau da mu, sun san motsin juna ko ido a rufe, sai ga shi an wargaza su kafin a buga wasan farko. Masu tsaron raga uku aka gwada, bayan kuma kusan kowane mako da sabuwar fuska. Muka sha ƙwallaye 81, muka ƙare da maki 26, Watford ta tabbatar mana da faɗuwa tun farkon Afrilu. Kuma ba wai 'yan wasan ba su iya ba ne. Anguissa ɗin da muka yi ta zagi shi ne ya je Napoli ya ɗauki kofin gasar Serie A ta Italiya a 2023.

Daga nan sai na yi kuskure na biyu, wanda ya fi na farko yaudara domin yana kama da hankali. Na koma ganin duk ƙungiyar da ta kashe kuɗi ta haƙa wa kanta rami. A 2019 Aston Villa ta hau ta kashe fiye da abin da Fulham ta kashe, na ce ga wata ta biyo sawunmu. Norwich kuma da ta ɗauki kofin Championship, wato rukuni na biyu, ba ta sayi kowa da kuɗin kirki ba, na yi ta yaba mata. Ƙarshen kaka Norwich ce ta ƙarshe da maki 21, Villa ta tsira a ranar ƙarshe da maki 35, yau kuma kun ga inda take. Abin da ban duba ba shi ne Villa da 'yan aro ta hau. Tammy Abraham da ya ci mata ƙwallaye ya koma Chelsea, Axel Tuanzebe ya koma Manchester United, Tyrone Mings sai da ta biya kafin ya zauna. Dole ce ta sa ta sayayya, gurabe ne a buɗe. Mu kuwa muna da ginshiƙanmu a tsaye muka tumɓuke su. Jimlar kuɗin ta yi kama, amma abin da aka yi da shi ya sha bamban.

To idan ka ji an ce ƙungiyarka ta sayi wane, ƙanena, ka bar farashin tukuna. Fara da tambayar gurbin wa zai cike, da ko kociya ne ya nema ko kuwa an ajiye masa ne kawai. Duba watan da ya zo: wanda ya iso a Yuni ya yi atisayen share fage da abokansa ba ɗaya yake da wanda ya sauka daga jirgi ana saura kwana biyu a fara gasa ba. Ka kuma duba shekarunsa, domin ɗan shekara 23 ko an faɗi zai sayu, ɗan 31 mai babban albashi kuwa ya zama kaya.

Maganar albashin nan ita ce inda na fi jahilta, kuma ita ce ke kashe ƙungiyoyi. Kuɗin sayen ɗan wasa ba a rubuta shi lokaci guda a littafin lissafi, raba shi ake yi a kan shekarun kwantiraginsa. Wanda aka saya fam miliyan 30 na shekara biyar, miliyan 6 ne kowace shekara, ga albashi a kai. Idan ƙungiya ta faɗi bayan kaka ɗaya, saura miliyan 24 na nan a wuyanta, alhali kuɗin talabijin na Firimiya, wanda ko ta ƙarshe tana samun kusan fam miliyan 100 daga gare shi, ya yanke. Akwai tallafin da ake ba waɗanda suka faɗi: kashi 55 cikin 100 na rabon da ake yi wa kowa daidai a shekarar farko, kashi 45 a ta biyu. Ta ukun, kashi 20, sai wadda ta yi fiye da kaka ɗaya a sama take samu. Wato sabuwar hawa da ta faɗi nan take shekara biyu kawai gare ta ta farfaɗo. Shi ya sa ƙungiya mai lura take sa sharaɗi a kwantiragi cewa in an faɗi albashi zai ragu. Sunderland ta faɗi a 2017 da Jack Rodwell a kan albashinsa na Firimiya, yana karɓa ba ya buga wasa, shekara mai zuwa ta sake gangarawa rukuni na uku. Duk mai son ƙungiyarsa, wannan sharaɗin ya kamata ya fi damunsa a kan sunan ɗan wasan.

Ko an tsira ma lissafi bai ƙare ba. A ƙa'idar da aka hukunta Nottingham Forest da ita, ƙungiyar Firimiya za ta iya yin asarar fam miliyan 105 cikin shekara uku, amma kowace shekarar da aka yi a Championship miliyan 13 kawai ake yarda da ita. Don haka iyakar Forest, wadda ta yi biyu daga cikin shekarun ukun a Championship, ta tsaya a miliyan 61. Ta kawo sama da 'yan wasa 20 a bazarar 2022, ta tsallake iyaka, sannan ta jinkirta sayar da Brennan Johnson har 1 ga Satumban 2023 don ta samu farashi mai kyau daga Tottenham, bayan an rufe littafin shekara. A Maris na 2024 aka zaftare mata maki huɗu. A ganina wannan tsari ya danne sababbin hawa, domin an sa su tsere da waɗanda aka ba wa igiya mai tsawo. Amma ko da zalunci ko babu, da shi aka yi hukunci, mai kiran a sayo wane da wane a intanet kuma ba shi zai biya makin ba.

Kada ku ɗauka ina cewa a riƙe hannu. Rowa ma tana faɗar da ƙungiya, Luton ta kashe kaɗan ta faɗi a 2024, ta sake faɗuwa a 2025. Brentford da ake yawan kafa misali da ita ba rowa ta yi ba, sana'a ta iya: ta sayar da Ollie Watkins da Said Benrahma da tsada, ta ɗauko Ivan Toney daga Peterborough, ta hau a 2021 ta ƙare ta 13. Fulham ɗin kanta da ta dawo a 2022 ta bar ɗan wasan gabanta Mitrovic da tsarin kociya Marco Silva yadda suke, ta ƙara Joao Palhinha a tsakiya da Bernd Leno a raga da wasu, ta ƙare ta 10. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

Saura abu ɗaya da har yau yake cina. A kakar nan ta 2018, da aka fara shan kashi, ina cikin masu ihun a kori Slavisa Jokanovic, mutumin da ya hau da mu. An kore shi a Nuwamba, aka kawo Claudio Ranieri mai salon da ya saba wa 'yan wasan da aka saya, ya ci wasa uku kacal, aka sallame shi a ƙarshen Fabrairu. Kociya uku a kaka ɗaya. Sabuwar hawa dole ta sha kashi a watannin farko, musamman in rabin 'yan wasan baƙin juna ne, ihun magoya baya kuma yana isa kunnen masu ƙungiya fiye da yadda muke zato. Idan Oktoba ta zo kuka ga kanku a ƙasa, ku duba ko yaran suna gudu domin kociyan, ko yawan ƙwallayen da ake zura musu yana raguwa, kafin ku ɗaga murya. A Oktoban 2022 Forest tana ta ƙarshe, Leicester ta lallasa ta 4-0, kowa yana jiran a kori kociyanta Steve Cooper. Magoya bayanta suka ci gaba da rera sunansa a filin wasa, masu ƙungiya suka ba shi sabon kwantiragi a makon nan. A watan Mayu Taiwo Awoniyi ya ci Arsenal ƙwallo ɗaya tilo a City Ground, Forest ta tsira ana saura wasa guda.