Darussan awon kolinesteraz a ɗakin gwaji na Maradi

Da an shiga feshin wake a ƙarshen damina, jinin masu feshi kan iso ɗakin gwaji da tambaya guda: maganin ƙwari ya taɓa asetilkolinesteraz? Wannan anzim ɗin (sinadarin jiki mai hanzarta karya wani sinadari) shi ke karya asetilkolin, sinadarin da ke isar da saƙo a mahaɗar jijiyoyi, kuma magunguna irin su piya-piya suna daƙile shi.

Dabarar George Ellman ta 1961 ake bi har gobe. A zuba mililita 3 na ruwan fosfat mai pH (ma'aunin tsami) 8, a ƙara mikrolita 100 na DTNB (sinadarin da ke fito da launi), sai jinin da aka tsarma, a ƙarshe mikrolita 20 na asetiltiyokolin, mai kama da asetilkolin. Anzim na karya shi, ruwan na yin ɗorawa, na'urar awon haske na karantawa a tsawon zangon haske na nanomita 412. Saurin hawan launin ake lissafawa minti-minti, shi ke nuna ƙarfin anzim.

Launin kuwa yana ruɗi. Asetiltiyokolin na karyewa da kansa ko ba anzim, musamman in pH ya haura 8, shi ya sa kowane zubi ke buƙatar kwalbar shaida marar jini, a cire nata lissafin. Jan jini ma yana shan haske daf da 412. Masu awon jinin da ba a tace ba sukan koma 436. In kuma an riga an yi wa majiyyaci allurar pralidoksim, makarin wannan guba, ita ma tana karya asetiltiyokolin, sakamako ya fito da kyau alhali mutum na kwance.

Zafi ne babbar masifarmu a nan. A watan Afrilu, awon safe da na azahar ba za su yi daidai ba in ba a tsayar da zafin ruwan gwajin a digiri 25 ko 37 ba. DTNB ba ya son haske, a naɗe kwalbarsa a ajiye a firji. In an ga ya yi ɗorawa tun kafin aiki, a zubar.

Kada a ɗebi jini a kwalba mai fuloraid, tana danne anzim. Kwalba mai EDTA ko hefarin, masu hana jini daskarewa, ake so. Kuma lamba ɗaya ba ta isa hukunci, domin mutane sun bambanta ƙwarai, ga ƙarancin jini da zazzaɓin cizon sauro ke kawowa. A raba sakamakon da yawan hemogulobin (sinadarin da ke ba jini launin ja), sannan a gwada shi da awon mutumin na kafin feshi, wanda ya kamata a ɗauka tun watan Yuni.