Muryar Baba Kofur da na bari ta salwanta

Wata takwas ke nan da rasuwar kakana, amma har yau in na wuce rumfar masu gyaran waya sai gabana ya faɗi. Awa huɗu da 'yan mintoci na muryarsa na ɗauka a wayata, dare uku a jere a hutun babbar Sallah, a zaurensa da ke Ƙauran Namoda. Na bar su wuri ɗaya tal, ban tura wa kowa ba, ban kwafe a ko'ina ba.

Duk unguwa Baba Kofur ake ce masa. Ni kuwa bai taɓa kiran sunana ba, sai amarya. Da na yi sallama zai ɗaga murya ya ce wa kakata, "Uwargida, tashi ki ba amarya tabarma, kin ga ta fi ki iya ɗaurin kallabi." Inna ta ce ya fara biyan sadaki tukuna, ya laluba aljihu ya miƙo min dabino uku. Aljihun nan ba ya rabo da dabino da alewa. Ranar Juma'a bayan la'asar yakan jera yaran unguwa a ƙofar gida, kowa da karan dawa a kafaɗa, yana ba su fareti. Wanda ya juya hagu aka ce dama, shi ke samun alewa biyu, wai shi ya fi shan wahala.

Da ƙyar ya yarda in ɗauki maganarsa. Ya dubi wayar ya ce, "Mi kika so da labarin tsoho, amarya?" Amma da ya fara sai ya ƙi tsayawa. Ya ba ni labarin yadda ya hau jirgin ƙasa daga tashar Ƙaura, inda layin dogo ya ƙare, zuwa Zariya a 1967 ba da sanin mahaifinsa ba, aka aske masa kai ya zama kurtu. Horon bai daɗe ba, don yaƙin basasa ya riga ya ɓarke tun watan Yuli, aka tura su runduna ta biyu, ta Murtala Muhammed. A watan Oktoba suka iso bakin Kwara a Asaba, an karya gada, aka ce a ƙetare zuwa Onica cikin jiragen ruwa. Ya ce shi da bai san ruwan da ya wuce gulbin Gagare ba, kuma bai iya iyo ba, sai ga ruwa har inda ido ya tsaya. Mutane da yawa sun tafi a ƙetaren nan ba su dawo ba. Ya lissafa min sunayen abokansa biyar da garuruwansu, a hankali, yana ƙirgawa da yatsu. Biyu kawai nake iya tunawa yanzu. Wannan ya fi komai ci min rai, domin ban san wani mai rai da ya riƙe sauran ukun duka ba.

Da na tambaye shi abin da ya faru da mutanen gari a Asaba, inda aka kashe fararen hula a wannan watan, sai ya yi shiru ya daɗe, ya ce in kashe wayar. Na kashe. Ko yau aka maimaita haka zan yi.

Na koma Gusau da niyyar in zauna in rubuta komai in na gama jarrabawa. Yayana ya ce in tura masa ta WhatsApp, na ce fayil ɗin ya yi nauyi, data ta yi tsada, sai na je gida. Sati shida bayan nan wayar ta ɗauke. Na kai wa wani mai gyara a kasuwa, ya ce sai an yi mata fulashin, na ce ya yi, hankalina na kan lambobin mutane. Bai tambaye ni ko akwai abin da nake so a ciki ba, ni ma ban tuna ba sai da na dawo ɗaki na buɗe na ga wayam. Na zauna a bakin katifa na yi kuka. Na ce ba komai, in na je ƙaramar Sallah mai zuwa sai mu sake. Bai kai azumi ba.

Don Allah, duk mai tsoho a gida da ya samu ya buɗe baki, a daren nan ka tura wa mutum uku, ko da kuɗin datar bashi za ka ci. Ka yanka fayil ɗin muryar guntu-guntu in ya yi nauyi. Kuma sunaye da garuruwa, ka rubuta su da biro a takarda yana faɗa kana rubutawa, ka maimaita masa ya gyara maka.

Abin da ya rage min shi ne adakarsa. Inna ta buɗe min bayan sadakar bakwai. Ga takardar sallamarsa daga soja, gara ta ci gefe amma lambarsa tana nan, ga hular da yake sawa duk 15 ga Janairu in za a yi taron 'yan mazan jiya, ranar da yaƙin ya ƙare a 1970. Kafin in tashi daga wurin na ɗauki hoton kowane shafi na tura wa 'yan uwa, hannuna na rawa.

A ƙarƙashin hular akwai wani ɗan littafi da ban taɓa gani ba, da rubutun ajami. Awa huɗun nan duk yaƙi na yi ta tambayarsa, ban taɓa cewa ina fanshonka yake tafiya ba, alhali duk mun san ba ya kwana biyu a hannunsa. Inna ta ce lissafin rabonsa ne. Sai na gane mutanen da suka yi ta zuwa ta'aziyya ba mu san su ba: wata tsohuwa da ta ce mijinta abokin aikinsa ne, shekara da shekaru duk kaka buhun gero na isa gidanta, wani malamin firamare da ya ce Baba ne ya biya masa kuɗin jarrabawa, mai shayin bakin tasha da ya ce almajirai na shan shayi da sunansa duk sanyi. Da na tambaye shi ma da wasa zai kore zancen, amma ko wasan nan ina son in sake ji.

Yanzu Inna nake ɗauka. Tana kwaikwayon muryarsa in ta zo wurin da yake tsokanarta, ta yi dariya, ta share ido da bakin mayafi. Jiya ta tuno suna na uku cikin biyar ɗin, mutumin Talatar Mafara ne. Na rubuta a takarda, na tura wa yayana tun ba ta rufe baki ba. Allah ya jiƙan Baba Kofur, ya kai haske kabarinsa.