Ranar Justa da Rufina a Sevilla

17 ga Yuli

Yau Sevilla ke bikin tsarkakanta biyu, Justa da Rufina, ya da ƙanwa, masu ginin tukwane da aka kashe saboda bangaskiyarsu a shekara ta 287. Na yi sammako don in riga rana, domin zafin Yuli a kudancin Sifaniya ba ya wasa. Na haye gadar kogin Guadalquivir zuwa Triana, unguwar da ake cewa a nan suke sana'arsu. Har gobe shagunan tangaran ne birjik a wurin.

Na halarci Misa, wato sujadar Katolika, a cocin da ke ɗauke da sunansu. Tsofaffin mata sun fi yawa, kowacce da maficinta, tana fifita tana amsa addu'a.

Labarin kamar yadda coci ta adana shi ba dogo ba ne. Ana yawo da gunkin wata allahiya, Salambo, ana karɓar gudummawa, sai aka biyo ta rumfarsu. Suka ce ba za su ba da ko kasko ba. Aka farfasa musu tukwane, su kuma suka ture gunkin ya tarwatse. Mai mulkin garin, Diogenianus, ya sa aka azabtar da su da ƙugiyoyin ƙarfe, aka kora su ba takalmi har duwatsun Sierra Morena, sannan aka jefa su kurkuku ba ci ba sha. Justa ta fara cikawa, aka wurga gawarta rijiya. Bishop Sabinus ne ya ciro ta ya binne.

Abin da ya tsaya mini a rai tun safe shi ne kwanakin da Rufina ta yi ita kaɗai. Lissafin mai mulkin ke nan: tunda babbar ta tafi, ƙaramar za ta karaya. Ni ma ƙanwa ce, na san yadda ƙanwa ke leƙa fuskar yayarta kafin ta buɗe baki. Yarinyar da ba ta kai ashirin ba, a cikin duhu, babu wanda za ta leƙa, kuma ba ta sauya magana ba. Aka sakar mata zaki a filin wasa, ya ƙi taɓa ta. Daga ƙarshe aka kashe ta aka ƙone gawar.

Da yamma na shiga babban cocin garin na tsaya gaban zanen da mai zane Goya ya yi musu a 1817. Kwanukan yumɓu a hannunsu, da ganyen dabino na shahada, fasasshen gunki a ƙasa, zaki yana lasar ƙafar Rufina. A can bayansu kuma ga Giralda, hasumiyar da asalinta ta masallaci ce, aka kammala ta a 1198. Mutanen nan sun yarda cewa 'yan matan ne suka riƙe ta ba ta faɗi ba a girgizar ƙasa ta 1504, shi ya sa sau da yawa ake zana su da hasumiyar a tsakaninsu, haka kuma ake fito da su a jerin gwanon idin Jikin Almasihu.

Ina fitowa na kira gida.

"Yaya, yau na yi miki addu'a a gaban wasu 'yan'uwa biyu."

"Allah ya amsa, auta. Kin dai ci abinci?"

Na ba ta labarin duka, ta yi shiru, sannan ta ce in maimaita mata sunan ƙaramar don ta sa a addu'ar dare.

Gobe zan hau jirgin ƙasa zuwa Madrid daga tashar Santa Justa. Sunan yayar kaɗai aka sa wa tashar, kuma abin yana damuna. Da ni aka tambaya, da an rubuta na Rufina a gefensa.