Daga Petersfield zuwa Brighton a ƙafa, mu huɗu

Sharaɗin tattakin Trailwalker ba shi da tsawo, amma yana da nauyi: mutum huɗu za su tashi tare, su ci kilomita 100 a ƙafa cikin awa 30, kuma tare ake so su isa kowace tasha. Sojojin Gurkha, 'yan ƙasar Nepal da ke aiki a rundunar Birtaniya, su suka fara shi a Hong Kong a 1981 a matsayin atisaye. Daga baya aka buɗe wa farar hula tare da ƙungiyar agaji ta Oxfam, har ya iso kudancin Ingila. Lokacin da muka shiga, kuɗin da ake tarawa ana raba shi tsakanin Oxfam da Gurkha Welfare Trust, wadda ke kula da tsofaffin sojojin da matan da suka mutu suka bari, tana kuma kai ruwan famfo ƙauyukan da ke kan tsaunukan Nepal. Maganar ruwan nan ce ta ja ni. A gidan da na taso sai an yi sammakon rijiya, kuma na san abin da jarka ke yi wa wuyan yarinya.

Ranar Asabar da safe, a watan Yuli, muka tashi daga Queen Elizabeth Country Park kusa da Petersfield, wani soja yana busa algaitar jaka irin ta 'yan Sikotilan. Babbanmu, wanda muke kira Yaya, shi ke riƙe da taswira. Matarsa, Anti, ita ce ke bin mu a mota daga tasha zuwa tasha da ruwa, da safa, da tukunyar dafa-duka.

Tuddan South Downs, waɗanda hanyar ke bi ta kansu, ba su da wani tsayi na a zo a gani, babu wanda ya kai mita 300. Wahalarsu a yawan hawa da gangara take, wanda in an haɗa ya kai wajen mita 2,500. Ƙasar alli ce fari fat, ga duwatsun ƙyastu masu kaifi a warwatse a kan hanya, suna cin tafin ƙafa sannu a hankali. Daga Harting Down zuwa Cocking hira muke ta yi, muna kallon tumaki da gonakin alkama, teku na leƙowa daga kudu in an hau tudu. Su kuwa tawagogin Gurkha a guje suke yin tasu, akwai masu gamawa cikin kusan awa 10. A Houghton, inda hanya ke tsallake kogin Arun, muka haɗa Azahar da La'asar a gefen mota, muka ci abinci, muka miƙa.

Rana ta faɗi muna wajen Chanctonbury Ring, wani tsohon sansani da bishiyoyi suka yi wa rawani a bisa tudu. Daga nan hira ta ƙare. Bayan mun tsallake kogin Adur a Botolphs sai doguwar hawa a cikin duhu, kowa da tocila a goshi, ba ka ganin komai sai farar hanya da dugadugan na gabanka. Iska ta yi sanyi kamar ba ita ce ta gasa mu da rana ba.

A nan autanmu ya fara ɗingishi. Bai ce komai ba, mu ma ba mu ce ba, sai dai muka rage sauri. Da muka isa Devil's Dyke tsakar dare, Yaya ya ce, "Auta, zauna ka cire takalmin nan." Safar ta manne da fata, sai da Anti ta jiƙa ta da ruwan ɗumi kafin ta fita. Bororo biyu sun fashe a dunduniya, wani kuma ya taru a ƙarƙashin babban yatsa. Ni na riƙe tocila, ita tana wankewa, tana busarwa, tana naɗa filasta falle a kan falle, hannunta ko rawa ba ya yi. Auta ya dube mu ya ce, "Yaya, ku tafi kawai, ai an yarda mutum uku su ƙarasa." Gaskiya ya faɗa, doka ta yarda. Yaya ya miƙa masa kofin shayi ya ce, "In ba za ka iya ba, ka faɗa, babu abin kunya. In kuwa don kada ka ɓata mana lokaci ne, to mu huɗu muka karɓi kuɗin mutane." Masu ba da agajin gaggawa suka duba ƙafar suka ce zai iya ci gaba in ya ga dama. Ya shanye shayin, ya sa sabuwar safa.

A ganina tsarin mutum huɗun nan shi ne ya fi komai daraja a tattakin. Mai ƙarfin cikinmu zai iya isa Brighton tun da sanyin safiya, amma daga Devil's Dyke Auta muka sa a gaba, takunsa ya zama takunmu. Muka raba kayan jakarsa, Yaya ya ba shi sandunansa biyu.

Mun yi Asuba kusa da Jack and Jill, injinan niƙan nan biyu masu aiki da iska da ke kan tudun Clayton. Gari ya waye muna kan Ditchling Beacon, mai tsayin mita 248, hazo ya rufe ƙauyukan da ke ƙasa. Abin da ya rage bayan Kingston ba na iya tuna shi sosai, ban da zafin gwiwa a kowace gangara da mutanen da ba mu sani ba suna tafa mana a bakin hanya.

Kafin wa'adi ya cika muka shiga filin sukuwar Brighton, hannu cikin hannu. Wani hafsan Gurkha ya rataya wa kowannenmu lamba, aka zuba mana shinkafa da miyar kori da sojojin suka dafa. Aka wuce da Auta tantin masu jinya don a sake wanke ƙafar. Yaya kuwa tun bai cire takalmi ba ya zauna a kan ciyawa yana aika hotonmu ga duk wanda ya ba da gudummawa: abokan aiki, mutanen masallacinmu, da 'yan uwa na gida da suka turo abin da ya sawwaƙa.